Ƙumba ɗaya na ƙirga sau biyu

Jibi in sha Allah zan bar Riyad, iƙama, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, kaya na ɗaure. Amma wallahi ranar munaƙasha, wato ranar da na kare kundin bincikena a gaban masu jarrabawa, ta ƙi fita daga raina.

Waɗanda muka je dutsen Tuwaiƙ da ke kusa da Riyad tare sun san wahalar da na sha, rana tana dukan ƙeya ina ta sarar farin dutse da guduma ina ciro ƙumbar nan mai murfi biyu, bakinta kamar haƙoran zarto, halittar teku ce tun zamanin Jurasik, sama da shekara miliyan 150. Wanda ya fara raɗa mata suna James Sowerby ne a Ingila, 1815, ya ce Ostrea gregarea. Daga baya aka mayar da ita gidan Lopha, wato wani rukunin ƙumba, yanzu kuma tana Actinostreon, sunan da wani masani Bafaranshe mai suna Bayle ya kafa a 1878, shi ya sa ƙarshen ya koma gregareum don nahawun Latin ya daidaita, a kuma saka sunan Sowerby cikin baka biyu alamar an sauya mata gida.

Ni kuwa na ɗauko Lopha gregarea daga tsohon littafi, na ɗauko Actinostreon gregareum daga sabuwar maƙala, na jera su a matsayin jinsi biyu. Har jadawali na yi musu, har na yi bayanin "bambancinsu", shafi huɗu cur.

Kuskurena ne, na yarda. Abin da ya ƙona min rai shi ne mushrif ɗina, Duktur ɗin da ke duba aikina, ya karɓi babin nan wata uku yana hannunsa, ya sa hannu. Da mai jarrabawa ya ɗaga kwanson biyu ya ce "ya Ustaz, wannan da wannan ai abu ɗaya ne", sai Duktur ya gyara zama ya ce ai ya daɗe da ja min kunne. Bai taɓa ba. Ɗakin ya yi tsit, ƙanina da ya taso tun daga Makka yana zaune a baya da dabino a leda.

Zango guda aka ƙara min.

Ku da ke tafe, kafin ku rubuta sunan kowace ƙumba ku bi jerin tsofaffin sunayenta har zuwa na farko da shekararsa. Gyaran da mushrif ya faɗa da baki, ku nemi ya turo a rubuce. Ku riƙa lambata samfuri tun a fili.

Jerin sunayen da na sake yi daga tushe, ni kaɗai da dare a laburare, shi ɗaliban ɓangaren ke kwafa yanzu. Duktur ma na ga shi a kan teburinsa.