Nagode da kuɗin murgu

Kusan shekara biyu ke nan muna haɗuwa a zauren gidanmu da ke Yakasai a Kano, duk Asabar bayan isha'i, mu biyar, muna wasan labari. Irin wasan nan ne da ya bazu daga Amurka tun da Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da Dungeons & Dragons a 1974. Kowa yana da mutumin da yake wakilta a cikin labarin, shi zai faɗi abin da mutumin nasa zai yi, sai a jefa ɗan lido mai fuska 20 a ga ko ya yi nasara. Ni ne mai jan labarin. Ni na ƙirƙiri ƙasar, da birninta mai ganuwa, da aljanun kan dutse, da fataken da ke ratsa sahara.

Kuma ni na saka bayi a ciki. Na ga ana sa su a wasannin Turawa, sai na kwaso yadda na gani: mutane a ɗaure da sarƙa a gefen kasuwa, ba suna, ba magana.

Wani dare ɗaya daga cikinmu ya ce jaruminsa ya gaji da ɗaukar kaya, zai sayi bawa. Muka yi ciniki, ya jefa ɗan lido, 18 ta fito, ya sami ragi, zaure ya kaure da shewa. Mutum ɗaya ne bai tanka ba. Da aka tashi na raka shi inda ya ajiye babur ɗinsa, ya daɗe yana juya makulli a hannu kafin ya ce, "Malam, ka san dalilin da ya sa aurena na bara ya fasa?" Na ce na ji an ce iyayen yarinyar ne suka sake shawara. Ya ce binciken asali suka yi, aka gaya musu kakan kakansa bawa ne. Mun yi shekara goma tare, ban taɓa jin wannan ba sai daren nan. Ban yi barcin kirki ba.

Washegari na shiga wajen kakata. Na tarar da ita tana tsince shinkafa a faifai, na zauna a bakin tabarma na ce, "Hajiya, a da yaya bayi suke zama a garin nan?" Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Kai kuma maigida, me ya kai ka tonon wannan?" Amma ta ba ni abin da ta ji daga manyanta. Daga bakinta na fara jin kalmar murgu, wato bawa ya fita ya yi sana'arsa, dukanci ko rini ko dako, yana kawo wa ubangidansa wani kuɗi da aka yanka masa, abin da ya saura nasa ne. Da wannan ragowar wasu suke tara kuɗin fansar kansu. Ta gaya mini cucanawa, waɗanda aka haifa a gidan bauta, sun tashi da Hausa a bakinsu, ba su san wani gari ba sai wannan. Ta ambaci rinji, ƙauyen bayi masu noma gandun ubangidansu, irin waɗanda aka yi a wajen Fanisau.

Daga nan na shiga karatu. A fadar Kano, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sarautun bayin sarki ne, kuma masu su sun riƙe iko da dukiyar da ɗiya masu 'yanci da yawa ba su ko yi mafarkinta ba. Ƙwarƙwarar da ta haifa wa ubangidanta, ɗanta ɗa ne, ita kuma ba a sayar da ita. A ɗaya gefen, a Kasuwar Kurmi, wadda ake danganta kafuwarta da zamanin Muhammadu Rumfa, an yi cinikin mutane, kuma matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya tarar da wannan ciniki da ya zo Kano a 1851. Turawa sun ci Kano a 1903, amma sai 1936 aka haramta bauta gaba ɗaya a Arewa. Hajiya ta yi zamani da tsofaffin da aka kamo suna yara.

A nan ne nake rabuwa da masu cewa ai bautar ƙasar Hausa mai sauƙi ce. Wanda aka kai wa garinsu hari aka raba shi da uwarsa, babbar rigar da jikansa ya saka a fada ba ta mayar masa da uwar ba. Mai biyan murgu yana yawo ba sarƙa a ƙafarsa, amma ranar da ubangidansa ya mutu, a cikin kayan gado ake lissafa shi. Nauyin abin yana cikin wannan kusancin: gida ɗaya, tukunya ɗaya, sallah ɗaya, amma ɗaya mallakin ɗaya ne.

Na tambayi abokina ko in cire bauta daga ƙasar tamu baki ɗaya. Da ya ce e, da na cire, don babu wasan da ya kai zumunci. Sai ya ce a'a, in bar ta, amma shi zai wakilci bawan da aka saya ɗin nan. Ya raɗa masa suna Nagode, irin sunan da ubangida ke laƙaba wa mutum bayan an binne na yanka.

Na sake dokokin. Yanzu duk bawa a ƙasar yana da gari da aka kamo shi, da wanda yake nema, da sana'a. Nagode marini ne. Duk mako na cikin labari sai ya biya wuri 700, in ya gaza bashi ya hau kansa. Na rubuta kuɗin fansarsa a saman takardarsa, a ƙasa kuma abin da ya tara. Na ƙara da alƙalin da za a iya kai ƙara gabansa, da bawan sarki mai doki da barori wanda ya ce zai taimaka masa in zai riƙa kawo masa rahoton gidan ubangidansa. Ciniki a kan mutum kuwa, na daina barin a jefa masa ɗan lido. Duk mai son saye sai ya yi magana da wanda zai saya, da bakinsa.

Asabar ɗin da ta wuce, suka ci dukiyar wani kogo, aka raba, rabon Nagode ya kai kuɗin fansa har da ɗoriya. Ya je gaban ubangidansa ya zube wurin. Wanda ke wakiltar ubangidan, shi ne dai mai 18 ɗin nan, ya dubi takardarsa ya ga cewa rabin abin da jaruminsa ke ci daga murgun yake fitowa. Ya yi shiru har shayin gabansa ya huce. Abokina bai ɗauke ido daga kansa ba. Can ya ce, "Ranka ya daɗe, ina jira."

Sha biyu ta gota, Hajiya ta aiko a rufe zaure. Na tattara takardun na sa a jaka, ranar Asabar za mu ɗora daga inda muka tsaya.