Soja na hango fas ɗinsa, wato takardar izinin tafiya hutu, ka ce ya faɗa maka ba shi da lafiya?

Har yanzu in na tuna tsarin da aka yi ranar da bataliyar nan ta dawo daga Borno raina ɓaci yake wallahi. Ni ma'aikacin jinya ne a wani bariki nan Kaduna, mu aka ɗora wa duba lafiyarsu. Mutanen nan fa sun tafi tun ana ce wa aikin Lafiya Dole, suna can aka mai da shi Haɗin Kai a 2021, to kai ma ka ƙiyasta daɗewarsu.

Saukar ba ta ba mu wahala ba. An kira suna, an mai da bindigogi ma'ajiya, magajiya ta tara mata ana ta guɗa, mu kuma awon hawan jini da gwajin maleriya da wanke raunuka, aikin kullum ne.

Inda aka kwafsa shi ne wani daga sama ya ce ba wanda zai karɓi fas sai an sa hannu a takardar lafiyarsa, sai kuma aka jera teburinmu da na akawun da ke buga hatimin fas a rumfa ɗaya, layi ɗaya. Ka tambayi mutum yana samun barci? Yana firgita? Kunnensa fa? Alhali na bayansa na jin komai, idonsa kuma na kan hatimin nan, matarsa na tsaye bakin shingen waya da yaron da aka haifa ba ya nan. Kowa lafiya lau Saje, lafiya lau Saje. Sun san duk wanda ya ce akwai matsala asibitin sojoji na 44 za a tura shi, fas ya sha ruwa, in kuwa ka kuskura ka ambaci rashin barci sai ka ji ana raɗa a layi wai za a kai wane asibitin masu taɓin hankali na Barnawa.

Akwai wani kofur, duk tambayar da na yi masa sai ya ɗan karkato kai ya miƙo kunnen dama, yana kallon bakina. Na ce Kofur, anya kuwa? Ya yi dariya ya ce gajiyar mota ce. Na rubuta a gefen takarda a sake duba shi, amma layi ya wuce da shi, aka buga masa hatimi ya yi gida.

Bayan hutu matarsa ce ta kawo shi. Ta ce ranka ya daɗe, maigidan nan sai na taɓa shi yake sanin ina magana, da dare kuma ko Keke Napep ta yi ƙara a titi sai ya diro daga gado yana lalube. Ashe nakiya ce ta tashi kusa da motarsu a can, aka duba shi a sansani aka ba shi magani, takardar kuma ba ta biyo shi ba. Shi kuma dodon kunne in ya fashe yakan haɗe da kansa cikin makonni, ka leƙa ba ka ga komai ba, amma jin ya riga ya ragu. To yanzu a fayil ɗinsa me ke akwai? Takardar da ya sa hannu da kansa cewa lafiyarsa ƙalau ranar da ya dawo. Ita ake zaro masa duk ofishin da ya je neman a rubuta cewa a bakin daga ya samu larurar, kuma wannan rubutun shi ne komai ranar da za a zauna kan maganar diyya ko fansho.

Duk wanda za a ba irin aikin nan, dan Allah ka tsaya kai da fata a raba duba lafiya da fas. A ga mutum a ɗaki shi kaɗai, ƙofa a rufe, a gaya masa tun farko cewa ko me ya faɗa gida zai je. A sake kiransu bayan sun yi kamar wata guda da dawowa, don firgita da saurin fushi da shan tiramol ba a ranar guɗa suke fitowa ba, kuma a saurari matan, sun fi mu gani. Sannan tun kafin motoci su baro Maiduguri a matsa wa likitan bataliya ya taho da rajistar waɗanda ya duba, ko hotonta ne a waya.

Albashi da alawus da suka maƙale in an bi ana samu, akawu ya gyara wa da yawa. Na kofur ne ya ƙi. Hafsan da ke tare da su ranar da abin ya faru an yi masa canjin wurin aiki, muna ta bin lambarsa ya rubuto shaida, shi kuma kofur duk ranar asibiti sai ya biyo ta wajena ya tambaya ko takarda ta iso, in ce tukuna, sai na maimaita da ƙarfi.