Manomin Kuroshiya da ya sa na ɓata gilashin taga

Ni dai in aka ce Kuroshiya Modric kawai na sani, sai shekaranjiya ina zaune a shago nan Aboabo a Kumasi babu aiki, ina dudduba waya na ci karo da zanen wani Ivan Generalić. Zakara ne an gicciye shi a tsakiyar gona, na ce kai wannan kuma wane irin mutum ne.

Ashe ɗan ƙauye ne, an haife shi 1914 a Hlebine, manomi ɗan manomi, bai shiga makarantar zane ba. A 1930 wani mai zane da ya yi karatu, Krsto Hegedušić, ya ga abin da yaron yake yi, shi ne ya ce masa ya riƙa zana abin da idonsa ke gani a ƙauyensu, kuma shekara ɗaya bayan nan har an rataya aikinsa a Zagreb tare da na ƙungiyar masu zane ta Zemlja, wadda gwamnati ta haramta a 1935. Zanensa na lokacin duk wahalar talaka ne, ana ƙwace wa manomi saniya saboda bashi, irin waɗannan. Bayan yaƙin duniya na biyu hannunsa ya sauya, sai barewa da zakaru da bishiyoyi tsirara cikin sanyi kamar mafarki. Ya yi baje koli a Paris 1953, aka kai aikinsa Brussels 1958. A 1959 ya zana mutuwar abokinsa Mirko Virius wanda ya mutu a sansanin fursuna lokacin yaƙi. Shi kansa ya rasu 1992.

Amma gaskiya abin da ya tsaya min a rai shi ne a bayan gilashi yake zanen da fentin mai, mai kallo yana gani ta gaba. Ni shekarata nawa ina zana allon aski da rubutun bayan trotro, motar haya, kullum fage nake fara shafawa sannan fuska, ƙwayar ido ce ƙarshe, in na yi kuskure in danne da fenti babu wanda ya sani. To shi komai a juye yake, ƙwayar ido da gashin baki da sa hannu su ne farko, sararin sama ƙarshe, kuma abin da ka fara ɗigawa shi ke manne da gilashin, ba ka da hanyar rufe shi sai dai ka kankare.

Jiya da daddare na zare gilashin luva ɗaya daga tagar ɗakina na gwada zakara. Wallahi zufa na yi. Na manta na shafa jan wuya kafin in ja layin gashin, da na juya gilashin sai ga wani abu kamar tumatur mai baki, sunana kuma ya fito baibai.

Hajiya ta leƙo da safe ta ga ramin tagar ta ce "Kai ɗan nan, sauron Kumasi ka gayyato mana?" Na ce mata aiki nake koya. Ta ce in mayar kafin magariba.