Uwar da na gani a Kolon

Shekaranjiya na dawo daga Jamus, har yanzu sanyin bai fita daga ƙashina ba. Bikin ɗiyar Yaya ne ya kai ni. Sauka ke da wuya wani jami'i ya riƙe fasfona yana juyawa kamar mai taya tsohuwar atamfa, sai da ya tambaye ni ranar komawa sau uku. A tashar jirgin ƙasa kuwa Yuro guda na biya kafin in kewaya. Da na lissafa shi da Naira, sai da na ji kamar in fasa.

Bayan biki Yaya ta ce, "Ke da Baba ya yi aikin masaƙa a Kaduna, taso in nuna miki wani abu." Ta kai ni dandalin Neumarkt a birnin Kolon, muka ratsa shaguna muka hau bene, sai ga gidan adana zane-zanen Käthe Kollwitz, wata shahararriyar mai zane Bajamushiya. Ni da na zaci kanti za mu shiga!

Hoton da Yaya ta nuna mini ƙarami ne, bai fi tafin hannu biyu ba, baƙi da fari. Uwa ce ta dafe kai da hannuwa, ta sunkuya kan ɗanta da ke kwance, duk ya rame, kansa kamar ya fi jikin. Ɗakin duhu, kayan saƙa na bayanta a tsaye ba mai taɓawa. Sunan hoton "Not", wato ƙunci a Jamusanci. Shi ne na farko cikin hotuna shida da Kollwitz ta yi tsakanin 1893 da 1897 a kan boren masaƙan yankin Silesiya na 1844. A kan dutse ta zana shi da alli mai maiƙo. A jiƙa dutsen, a shafa tawada, ta kama inda maiƙon yake kawai, sannan a danna takarda. Da aka baje hotunan a Balin a 1898 an so a ba ta lambar zinariya, Sarkin Jamus Wilhelm na biyu ya hana. Ban yi mamaki ba. Wane mai mulki ke son a rataye masa yunwar talakawansa a bango?

Na daɗe a tsaye. Wallahi na san wannan dafe kan. Haka maƙwabciyarmu a unguwar Kakuri, Kaduna, ta zauna shekarar da aka sallami mijinta, yaronta na fama da ƙyanda. Wata tsohuwar Bajamushiya ta miƙo mini hankici ba tare da ta ce uffan ba. Mutanen nan ba su iya gaisuwa ba, amma wannan na yaba mata.

Yaya ta saya mini katin hoton. Muka leƙa babbar majami'ar nan ta bakin tasha, muka ci shawarmar wani Baturke da ya ƙara mana shayi kyauta. Washegari sai Frankfurt, daga can Abuja.