Rabin juyin sifana

Gwiwoyin Baba ne suka ja ni cikin wannan aiki. Tun bayan babbar salla tsuguno ya soma gagararsa, in ya shiga makewayi sai an ba shi hannu kafin ya miƙe, shi kuwa ba mutum ba ne da ke son a gan shi a haka. A gidanmu na unguwar Birni a Damagaram akwai tsohon masai na zama a makewayin baƙi, tankinsa ya daɗe da fashewa, an bar shi ƙura na ci. Na kira mai gyaran famfo, ya duba ya ce jaka 10 ladan aikinsa. Na ce a raina, noti biyu da tiyo guda ne za su ci jaka 10? Na sallame shi.

Na je Kasuwar Dole na sayo sabon masai, jaka 35. Cire tsohon bai ba ni wahala ba: na rufe ruwa, na kwance notin da suka yi tsatsa, na cusa tsumma a bakin tiyon bango don kada warin rami ya cika gida. Abin da na yi daidai tun farko shi ne awo. Tiyonmu na milimita 100 ne, ta bango ya fita, don haka na zaɓi masai mai mafita ta baya, ba ta ƙasa ba. Robar da ke haɗa su na shafa mata sabulu, ta shige lafiya lau. Har na fara yi wa mai gyaran nan dariya a zuci.

Da na aza shi a kan daɓe sai na ga yana ɗan rawa. Daɓenmu na siminti ne na da, gefen hagu ya ɗan kwanta. Mai hankali sai ya ɗaga, ya gyara wurin da siminti ko ya cusa ƴar roba a ƙarƙashi har ya zauna daram, sannan ya ɗaura noti. Ni kuwa na ce ai noti ne maganin rawa. Akwai wasu ƙananan robobi farare da suka zo cikin leda tare da shi, waɗanda ake sawa tsakanin ƙarfe da tangaran. Ban san amfaninsu ba, na ture su gefe. Na ɗaure na dama, na dawo na hagu, na juya, na juya, ya kusa daina motsi. Na ce bari in ƙara rabin juyi.

Ƙas! Ƙarar ba ta fi ta karyewar tsinken tsintsiya ba. Na duba ban ga komai ba sai da na haska fitilar waya: layi siriri kamar gashi, daga ramin notin ya hau har cikin wuyan da ruwa ke kwanciya. Wannan ruwan kuwa shi ne ke tare warin rami, in ya zurare makewayi ba ya shiguwa. Na zuba buta guda, na tsaya ina kallon danshi yana bin daɓe. Tangaran ba itace ba ne, ba ya lanƙwasa ya ba ka alama. Na shafa silikon, na shafa siminti, duk a banza.

Baba yana zaune a zaure ya ji shiru ya yi yawa. "Kai, lafiya dai?" Na ce lafiya lau Baba, wani abu ne zan sayo. Ban iya faɗa masa ba.

Da zafin ran nan na hau keke na nufi wani shagon kayan gini a bakin babban titi, don kunyar komawa wurin mai shagon farko nake ji. Kekena irin mai kulle a jiki ne, wanda ke kama tayar baya. Shekara shida da shi nake dogara. Na murɗa shi, na jefa mabuɗi a aljihu, na shiga ciniki. Minti ashirin ban cika ba. Na fito, mabuɗi na aljihu, keke babu. Wani mai shayi ya ce ya ga yaro ya ɗaga bayan wani keke yana turawa a kan tayar gaba, ya zaci faci zai kai. Kullen nan taya kawai yake hanawa juyi, bai taɓa hana a ɗauki keke ba, kuma ban taɓa tunanin haka ba sai ranar. Da aka tambaye ni lambar da ke buge a ƙarƙashin ƙarfen feda, ko sanin akwai ta ban yi ba.

Da ban ƙara rabin juyin nan ba, da keke na gida a jingine. Garin neman gira ke nan.

Masai na biyu ni na sa shi, taurin kai bai bar ni na kira mai gyara ba. Amma sai da na daidaita daɓen, na bar shi kwana biyu ya bushe, na sa fararen robobin, na riƙa ɗaure dama kaɗan hagu kaɗan da yatsu biyu kawai a kan sifana. Da ya daina motsi na ajiye ta nesa da ni. Wani abin da ban lissafa ba shi ne ruwa: tankin kusan lita 6 yake saki a ja guda, jarkar lita 20 ja uku ke nan da ɗan saura. A Damagaram, lokacin bazara da famfo ke kwanaki bai ɗiga ba sai ƴan garuwa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Na sa gorar ruwa cike da yashi a cikin tankin don ya rage sha, ranar da babu ruwa kuma sai bokiti.

Keken da nake hawa yanzu na hannu ne. Na sa mai walda ya kafa mini zoben ƙarfe a bangon zaure, na sayi sarƙa mai kauri na zura ta cikin tsohon tiyub don kada ta goge fenti. A waje, sai na haɗa jikin keken da tayar baya na ɗaure a turken da ba ya tsiguwa, kwaɗon kuma ba na barinsa a ƙasa inda za a samu wurin dukansa da dutse. Lambar na rubuta ta, na ɗauki hotonta. Yaran unguwa na ce mini mai ɗaure keke kamar raƙumi, ina jinsu.

Baba ya sa mini albarka, har yau bai san masai biyu aka saya ba. Fasasshen yana bayan garken awaki, uwargida ta zuba masa ƙaiƙayi, kazarta ke ƙwai a ciki.