Kwalayen Kawu

Asabar, 12 ga watan azumi, Garwa

Ban ma koma barcin bayan asuba ba saƙon Hajiya ya shigo waya: gara ta shiga ɗakin takardun Kawu, in zo maza, don ya hana kowa taɓawa, ita ma ya kore ta da tsintsiyarta. Na hau moto zuwa Yelwa wajen ƙarfe takwas, rana ta riga ta fara nuna halinta. Wanda bai yi azumi a Garwa cikin bazara ba, kada ya ba ni labarin ƙishirwa.

Na tarar da shi a kan tabarma, daga shi sai singileti da zane, kwalaye bakwai a gabansa. Biyu na ƙasa gara ta mai da su gari. Ko gaisuwata bai amsa sosai ba.

"Kawu, ina kwananku? Ya ibada?"

"Kai yaro, zauna. 1985 da 1986 sun tafi."

Shekarata arba'in da ɗaya, 'ya'yana huɗu, amma har gobe yaro nake.

Abin da ke cikin kwalayen nan shi ne aikin rayuwarsa: sharhin wasannin kwaikwayo da ya yi ta rubuta wa wata jarida a Yawunde, kowanne an yanke da reza an manna a kan farar takarda, kwanan wata a sama da jan biro. Ga kuma littattafan aljihu da yake shiga kallo da su. Na buɗe ɗaya na kasa karanta ko layi guda, rubutun ya hau kan juna kamar sawun kaji a kan rairayi. Ya ce a cikin duhu yake yinsa, littafin a kan gwiwa, ido a kan dandali. Tun ranar da ya kunna tocila wani ɗan wasa ya tsaya tsakiyar magana ya harare shi, bai sake shiga da ita ba.

Tarihinsa na sani gutsure-gutsure, yau ne dai na ji shi a jere. Layin dogo ya iso Ngaundare a 1974, shi kuma bayan haka kaɗan ya hau jirgin ya nufi kudu da akwatin ƙarfe da fam ɗin shiga jami'a. A lokacin Jami'ar Yawunde ce kaɗai a duk Kamaru. Ya sauka a unguwar Birkitari ta Yawunde wurin wani mahauci abokin kakanmu, kamar yadda kowane Bahaushe baƙo ke yi. Adabin Faransanci ya je karantawa, sai kallon wasa ya ɗauke masa hankali. Yana gama digiri ya riƙe alli da rana, dare kuma na ɗakin wasa ne. In an tashi ƙarfe goma sha ɗaya, sai ya zauna gaban tafireta har wajen biyu, da safe ya kai da hannunsa.

Ya nuna mini wani abu da ban taɓa lura ba. Duk sharhinsa hukuncin yana cikin layi uku na farko: wasan ya yi, ko bai yi ba. Na ce ai wannan gaggawa ce, a makaranta ba haka kuka koya mana ba. Ya ce edita in wuri ya ƙare masa daga ƙasa yake datsewa, ba ya ko karantawa. Sau biyu aka yanke masa wutsiyar rubutu inda ya ajiye yabo, sai zallar suka ta fito, ya yi wata guda yana ɓuya wa mutane. Daga nan ya koyi sa nama a saman tuwo.

Ga kuma almakashin hukuma. A wancan zamani sai an kai jarida an duba kafin ta fita kasuwa, kuma ba a soke wannan doka ba sai 1996. Akwai shafi ɗaya da ya miƙo mini, sakin layi na uku babu shi, sai farin fili. Wasa ne a kan wani sarki da ya ƙi sauka. Kawu ya ce shi tufafin 'yan wasan kawai ya yi magana a kai a wurin, amma mai dubawa ya ga kalmar kujera sau uku ya tsorata. Mun yi dariya har ƙishirwa ta tuna mana da kanta.

Da muka zo kan kwalin 1993 sai fuskarsa ta canza. A shekarar aka raba jami'a ɗaya ta zama shida, ya tattara iyali ya dawo arewa koyarwa a Jami'ar Ngaundare da ke unguwar Dang, yana murna ya matso gida. A shekarar kuma aka zaftare albashin ma'aikata har sau biyu, Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Ƙungiyoyin wasa suka watse, wa zai sayi tikiti alhali ba a ɗora tukunya ba? Kwalin ko rabi bai cika ba. Hajiya da ke wucewa da tsintsiya ta ce a shekarun nan ne ta fara sayar da ƙanƙara da zoɓo, kuma da kuɗin ƙanƙarar aka yi wa farfesa ɗinkin Salla. Bai musa ba.

A ƙasan kwalin akwai wata takarda da ba shi ya rubuta ba, labarin rasuwar Bate Besong, marubucin wasa kuma malami a Jami'ar Buea, wanda hatsarin mota ya ci a hanyar Yawunde zuwa Duwala ranar 8 ga Maris 2007. Kawu ya daɗe yana kallonta. Ya ce Turancin mutumin ya fi ƙarfinsa, amma ya san wanda ba ya tsoro in ya gan shi. Ya mayar da ita da kansa.

Azahar ta yi, muka yi salla, na ɗan kishingiɗa a zaure. Wutar lantarki ta ɗauke, fanka ta tsaya. Ba abin da zan rubuta game da awa biyun nan sai gumi.

Bayan la'asar aka yi sallama. Wani dattijo ne mai ƙiba, ya sauko daga babur da kankana biyu da ledar dabino. Kayan gyaran babura yake sayarwa a babbar kasuwa, na san fuskarsa, ban taɓa sanin yana da alaƙa da gidan nan ba. Ya durƙusa ya gaida Kawu, "Allah ya gafarta Malam," ya ga kwalaye, sai ya ce, "Nawa dai gara ba ta ci ba." Ya zaro walat, ya fito da wata takarda da aka naɗe a roba, ta yi ja don tsufa.

Ashe a 1988, yana ɗalibi a Yawunde, ya fito a wasan nan na Guillaume Oyônô Mbia na masu neman aure uku, wanda kusan kowace makaranta a ƙasar nan ta taɓa yi. Shi ne kakan yarinyar. Kawu kuwa ya rubuta cewa an shafa wa saurayi alli a ka an ba shi sanda, amma an manta a gaya wa ƙafafunsa sun tsufa, yana yawo a dandali kamar yaron mota mai neman fasinja. Alhajin ya karanto mana shi da ka, da Faransanci, bai tsallake ko waƙafi ba, yana yi yana dariya har da hawaye.

Ni kunya ta kama ni. Ina ganin Kawu ya yi tsanani, yaro ne ɗan shekara ashirin, kuma daga wannan wasa bai sake hawa dandali ba. Na faɗa masa haka bayan baƙon ya fita alwala. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Gaskiya na rubuta. Amma da na san shi ne na ƙarshensa, da na ƙara cewa muryarsa tana kai wa kujerar baya. Tana kaiwa kuwa."

Da Alhaji ya dawo na tambaye shi me ya sa yake yawo da takardar da aka zage shi a ciki. Ya ce, "Ɗana, daren nan ba hoto, ba kaset. Waɗanda muka yi wasan tare rabi sun rasu. 'Ya'yana in na ce na taɓa yin wasa a gaban mutum ɗari biyar dariya suke yi. Nan kaɗai aka buga sunana." Ya ninke ta a hankali ya mayar bayan katin ɗan ƙasa.

Mun sha ruwa tare da kunun tsamiya da ƙosai, Hajiya ta yanka kankana ɗaya. Mun tsira da kwalaye biyar. Na yi alkawarin ɗaukar hoton kowane shafi da waya kafin Salla, ko da yake da na ƙirga kwali ɗaya na ga abin da na ɗauko wa kaina.

Bayan asham ina shirin tafiya sai ga 'yan tashe, su biyar, da gwangwanaye. Rabon da in ga tashe a unguwarmu an jima. Kawu ya miƙe zaune. A kan wannan ya yi babban bincikensa, tashe da wasan gauta da 'yan kama, lokacin da abokan aikinsa masu karatun Faransa ke cewa in babu labule da rubutaccen wasa to shirme ne na yara. Ɗaya ya manna gemun auduga, ya cusa tsumma a bayan riga ya yi doro, yana dogara karan dawa. Ana cikin yi gemun ya faɗi, yaron ya yi wuf ya sunkuya ya ɗauka.

"Tsaya!" in ji Kawu. "Zo nan. Tsoho ba ya sunkuyawa haka. Sai ya fara duban abin, ya yi tunanin ko ya cancanci wahalar. Sannan hannu ɗaya a gwiwa. Sake."

Yaron ya jefar da gemun ya sake. Kawu ya ce a sake. A karo na uku sai da ya yi nishi kafin ya kai ƙasa, Alhaji ya tafa masa. Kawu ya laluba aljihu ya ba shi sefa ɗari biyar, ya tambaye shi sunansa da na mahaifinsa, ya ce in miƙo masa biro.