TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 9: Makon da aka hana ni cewa "ki yi haƙuri"

Assalamu alaikum, masu bibiyar labarina. A makon jiya na tsaya a inda muka karɓo ƙanena daga hannun 'yan bindiga, bayan mun sayar da gonar gadonmu ta hanyar Dansadau. Ya dawo da ransa, alhamdu lillahi, amma wata uku cur ba ya barci sai da fitila a kunne, kuma da ya ji ƙarar babur sai jikinsa ya ɗauki rawa. Mu kuwa iyakar abin da muka iya shi ne tofi, da rubutun sha, da "ka yi haƙuri, ka gode wa Allah."

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi a Gusau. Wata safiya shugabanmu ya ce wata ƙungiyar agaji na neman ma'aikatan lafiya masu jin Hausa ko Fulatanci, za a koya musu yadda ake zama da 'yan gudun hijira masu fama da damuwa. Na ba da sunana, kuma Allah ya sani don ƙanena na yi.

Malamarmu 'yar Maiduguri ce, ta daɗe tana aiki da waɗanda Boko Haram suka kora. Ranar farko ko littafi ba ta buɗe ba. Alli ta miƙa mana, ta ce mu rubuta abin da mutane ke faɗa da bakinsu idan sun zo asibiti. Allo ya cika: "tunani ya yi mini yawa", "gabana na faɗuwa", "kaina na zafi", "jikina ya mutu", "abinci ba ya shiga". Sai na tuna mata nawa na sallama da maganin ciwon kai ko na gyambon ciki, alhali ba nan ciwon yake ba. Ta gargaɗe mu kada kalmar taɓin hankali ta fito daga bakinmu a gaban kowa, domin mace na jin haka za ta ja mayafinta ta tafi, tana tsoron a ce gidansu akwai hauka, 'yarta ta rasa mijin aure.

Tsarin da aka koya mana na Hukumar Lafiya ta Duniya ne, mai matakai uku: ka duba, ka saurara, sannan ka haɗa mutum da inda zai sami taimako. Na ɗauka sauraro ne mai sauƙin ciki, ashe shi ne zai kayar da ni.

Aka raba mu biyu-biyu don gwaji. Abokiyata ta zama matar da aka kashe wa miji, ni mai saurare. Ko minti ɗaya ba ta yi tana magana ba na ce, "Ki yi haƙuri, haka Allah ya ƙaddara." Malama ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Raina ya ɓaci, na ce, "Malama, haƙuri ai addininmu ne." Ta ce, "Ban musa ba, Hajiya. Amma wadda ta baro gawar mijinta a daji ba a yi masa sutura ba, ta fi ki sanin haƙuri. Mutum ɗari sun gaya mata haka kafin ke. Wanda zai bar ta ta kai ƙarshen maganarta ne ba ta samu ba." Har yau ina ganin gaskiyarta. Sau da yawa kanmu muke ceto da kalmar, don kada mu ji abin da ba za mu iya ɗauka ba.

Sauran darussan sun zo da sauƙi. Kada a matsa wa mutum ya ba da labarin harin, kada a yi alkawarin abin da ba a da shi, kuma sirrin mace ko mijinta ba ya ji. Ba a faɗa da malamin ruƙiyya, tare ake tafiya. Mai nauyin shi ne tambayar mutum kai tsaye ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Wasunmu suka ce Musulmi ba ya wannan tunani, Malama ta ce tambayar ba ta dasa tunanin, hanya take buɗewa. Wanda ke jin muryoyin da ba kowa ke jin su ba sai shi, ko uwar da ta daina shayar da jaririnta, wannan ya wuce mu, sai likita, wani lokaci har asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato. Ga wanda bai da kuɗin garin kwaki, wannan tafiya ba ƙarama ba ce.

Aikin gwajinmu a Anka aka yi shi, a kangon sabon gidan sarki da ba a gama ba, inda mutanen ƙauyuka suka fake. Aka zaunar da ni da wata dattijuwa a kan buhu. Na gaishe ta, ta amsa tana kallon ƙasa. Na ce, "Inna, ni ma'aikaciyar lafiya ce, na zo ne kawai in zauna da ke." Muka yi shiru har inuwa ta matsa. Sau uku "ki yi haƙuri" na zuwa bakina ina haɗiyewa.

Can sai ta ce, "Ɗiyata, jikoki biyu ag gare ni ɗaki daren da anka kawo hari. Guda na iya ɗauka." Ta buɗe tafin hannunta ta zuba masa ido. "Na bar babban, na ce shi yana da ƙahwa."

Ban ce komai ba, hannunta kawai na riƙe. Ta yi kukan da maƙwabciyarta ta ce ba ta yi ba tun zuwansu. Da zan tashi ta kama bakin hijabina ta ce, "Kina dawowa?" Na tuna an hana mu alkawarin banza, sai na ce, "Ranar Laraba, in Allah ya so, bayan azahar."

Daren da na koma Gusau ni ma barci ya ƙi. Wajen ƙarfe biyu na hango haske a ɗakin ƙanena. Na ƙwanƙwasa, na shiga, na zauna a bakin tabarma, na ce masa ba nasiha na zo yi ba. Abin da ya gaya mini kafin asuba game da kwanakinsa a daji, shi zan kawo muku mako mai zuwa, da izininsa, in Allah ya kai mu.